Wai don wa ake gina titunan nan ne?

Duk garin da ya fara cika yana batsewa a ƙasashen nan masu tasowa, daga Afirka zuwa Asiya har Kudancin Amurka, maganin da masu mulki ke zarowa daga aljihu iri ɗaya ne, a faɗaɗa titi, a rushe shatale-tale a kafa gadar sama, in kuɗi sun ƙaru a haƙa wata ta ƙarƙashin ƙasa. Mu ma talakawa muna taya su tafi, don gada abar kallo ce, da daddare in an kunna mata fitilu sai ka ɗauki hoto ka ɗora a Facebook ka ce garinmu ya zama Dubai. Toh ni dai a ganina, kuma na san zai yi wa wasu ɗaci, yawancin kuɗin nan zubar da su ake yi, saboda ana kashe su ne kan 'yan tsirarun da ke da motar kansu, alhali akasarin mutanen gari a ƙafa suke tafiya, ko a matse cikin ƙaramar bas, ko a bayan babur.

Kuma abin da ke tafe ya fi wanda muke gani yanzu. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, zuwa 2050 za su kai kashi 68, wato ƙarin mutum biliyan 2.5, kuma kusan kashi 90 na ƙarin nan a Asiya da Afirka zai sauka. Duk waɗannan mutane za su tashi da safe su nemi hanyar zuwa aiki da kasuwa da makaranta da asibiti. In shirin da aka yi musu shi ne kowa ya nemi motarsa, to babu ƙasar da ke da filin da zai ɗauke su, balle kuɗin kwalta.

Nasan abin da wani zai ce, ai in titi ya yi kaɗan sai a ƙara masa faɗi, meye abin jayayya a nan? An gwada, kuma waɗanda suka fi kowa kuɗi ne suka gwada. A birnin Houston na Amurka akwai wani babban titi da ake kira Katy Freeway, aka faɗaɗa shi aka gama a 2008 kan dala biliyan 2.8, a wani wurin har layi 26 in ka haɗa da na gefe. Layi 26 fa! Amma tsakanin 2011 da 2014 lokacin da mutum ke ɓatawa a kansa da yamma in an taso aiki ya ƙaru da fiye da rabi. Dalilin ba wani boyayyen abu ba ne. Ranar da aka buɗe sabon titi tafiya ta yi sauƙi, sai wanda da yake sammako don gudun gosulo ya daina sammako, wanda ke bin bayan gari ya dawo kan babban titi, wanda ke hawa bas ya ce bari in fito da motata, masu filaye kuma su yanka fulotai can nesa tunda yanzu hanya ta yi kyau, kafin shekara biyar titin ya koma yadda yake, sai dai yanzu motocin da ke tsaye a kai sun ninka. Gadar sama ma haka take, tana ɗauke cunkoso daga wannan mahaɗa ta sauke shi a ta gaba, ka tsallake da gudu ka je ka tarar da layin yana jiranka a gindin gada.

Mutanen da ake mantawa da su kuwa su ne masu yawa. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya nuna cewa har kashi 78 na mutanen Afirka kullum sai sun yi tafiyar ƙafa don kaiwa inda za su. A Nairobi an buɗe babban titi mai tsawon kilomita 27 a 2022, wani ɓangarensa a sama, na biyan kuɗi, mai mota ya taso daga filin jirgi ya wuce fuuu ta saman gari, a ƙasa kuma da asuba ga dubban mutane daga unguwar talakawa ta Kibera suna takawa zuwa unguwar masana'antu don kuɗin motar haya ma ya fi ƙarfinsu. Kuma tafiyar ƙafa a irin biranen nan sayar da rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kashi 92 cikinsu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin samu, fiye da rabi kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, sannan shi ne abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Ka tsaya gindin irin gadar nan ta masu tafiya a ƙasa da ake ginawa a saman manyan tituna ka yi kallo na ɗan lokaci. Ga tsohuwa da kaya a ka, ga mai ciki tana jan ƙaramin yaro, ga mai keken guragu, an ce su hau matakala mai tsawo kamar bene hawa biyu su sauka ta ɗaya gefen, kuma an kafa gadar can nesa da inda bas ke sauke mutane. Tsohuwar nan za ta ɗaga kai ta kalli matakalar, ta kalli titi, ta jira ɗan sarari ta tattare zani ta ruga, ta tsaya a tsakiya kan ɗan siririn kankaren da ya raba hannu biyu motoci na wuce ta gaba da baya. In mota ta kwashe ta sai a ce ai ga gada can ta ƙi hawa, laifinta ne. Alhali an gina gadar ne don kada mai mota ya taka birki. Danja da wurin tsallakawa a ƙasa da tudun rage gudu sun fi arha nesa ba kusa ba, kuma bambancin da ke tsakanin motar da ta buge mutum tana gudun kilomita 30 da wadda ke gudun 60 shi ne bambancin karaya da jana'iza.

Shi ya sa nake cewa rigimar ta rabon titi ce. Layi ɗaya na ƙananan motoci da ƙyar yake ɗaukar mutum 2,000 a awa, saboda yawancin motocin mutum ɗaya ne ko biyu a ciki suna shan esi. In ka ware layi ka killace shi ka ce manyan bas ne kawai za su bi, lissafin ya canza gaba ɗaya. Birnin Kuritiba na Burazil na cikin waɗanda suka fara wannan, a 1974 lokacin magajin gari Jaime Lerner, wanda dama mai zanen gine-gine ne, ba su da kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa sai suka sa bas ta yi aikin jirgi, layinta daban a tsakiyar titi, daga baya aka ƙara da cewa fasinja ya biya kuɗi tun a tasha kafin ta iso, dandamalin tasha daidai da ƙofar bas ba hawa ba sauka, ƙofofi su buɗe mutane su shige cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bogota ta Kolombiya ta ɗauki dabarar ta buɗe TransMilenio a ƙarshen 2000 zamanin Enrique Peñalosa, kuma a hanyarta mafi cika tana kwasar mutum wajen 40,000 a awa ta hannu ɗaya, abin da jiragen ƙasa da yawa ba sa kaiwa. Wannan tsarin ne ake kira BRT, Jakarta ta Indonesiya ta fara nata a 2004, Legas a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, Darussalam ta Tanzaniya a 2016.

Wahalar abin ba ta injiniya ba ce, fenti da kankare ne kawai, wahalar ita ce layin da za a ba bas daga hannun masu mota za a karɓe shi, su kuwa masu mota su ne kwamishina da alƙali da editan jarida da ɗan majalisa. Delhi ta Indiya ta buɗe irin wannan hanya a 2008, kilomita 5.8 kacal, gaskiya akwai kurakurai a zanen ta, amma abin da ya kashe ta shi ne ihun masu mota da ke zaune a gosulo suna kallon bas na wuce su, jaridu suka yi ta caccaka, aka je har kotu, a 2016 aka rushe ta. Mutanen da ke cikin bas ɗin nan sun fi na cikin motocin yawa amma ba wanda ya kai musu makirfo. Kuma ai duk wanda ke yanke hukunci kan sufurin gari, da wuya ka samu wanda ya hau motar haya a shekaru goman da suka wuce, da jiniya ake buɗe masa hanya, ta ina zai san zafin jiran bas a rana?

Sai dai kar wani ya ɗauka ina tallar BRT ne kamar maganin kowace cuta. Akwai wata cutar da ta fi gadar sama ɓarna, ita ce son ƙaddamarwa da ƙin kula. Ana son ranar yanke ƙyalle da 'yan jarida, amma ba a son jin maganar taya da birki da albashin makanikai shekara biyar bayan nan. Adis Ababa ta buɗe jirginta na cikin gari a 2015 kan dala miliyan 475, yawanci bashi ne daga Chaina, aka yi ta murna don babu irinsa a kudu da Sahara a lokacin, bayan 'yan shekaru cikin jirage 41 ko rabi ba sa aiki saboda rashin kayan gyara, fasinja ya yi ta tsayuwa a tasha har ya haƙura ya koma wa ƙananan bas. Darussalam kuma hanyar tata mai kilomita 21 ta yi kyau har lambar yabo ta duniya ta ci a 2018, amma aka gina garejin bas ɗin a kwarin Jangwani inda ruwa ke ambaliya duk damina, ga motocin sun yi kaɗan, mutane na turereniya a tasha wasu har ta taga suke shiga. Ita kanta Bogota cunkoson cikin bas ya kai mutane sun sha fitowa zanga-zanga, yanzu jirgin ƙasa suke ginawa. Jirgi yana da wurinsa in yawan jama'a ya kai, ban musa ba, amma kuɗin kilomita ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai shimfiɗa kilomitoci da yawa na layin bas, kuma garin da ya kasa gyara bas ɗari ban ga yadda zai riƙe jirgi ba.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a yi tunani, masu motocin hayar da ke ɗauke da biranen nan tun kafin gwamnati ta farka. A Nairobi matatu, a Darussalam daladala, a Akra tirotiro, a Legas danfo, a Manila jifni, a Jakarta angkot, suna ne ya bambanta amma sana'ar ɗaya ce. Kowa na zaginsu, gudun ganganci, lodi a tsakiyar titi, cusa mutum biyar a kujerar mutum uku, hayaƙi baƙi ƙirin. Duk gaskiya ne. Amma ka zauna da direba ka ji lissafinsa. Motar ba tasa ba ce, tun kafin ya tayar da ita da asuba akwai balas ɗin da zai kai wa mai mota da daddare ko an samu ko ba a samu ba, ga mai, ga tikitin 'yan yuniyan a kowace tasha, ga na kwandasta, ga ɗan abin da ake miƙawa a shingen hanya, sai abin da ya rage bayan duk wannan ne zai kai gida. Mutumin da ke cikin wannan hali duk fasinjan da ya hango a bakin titi abincin 'ya'yansa ne, in bai sha gaban ɗan'uwansa ya ɗauka ba wani zai ɗauka, don haka dole ya yi tsere, dole ya ƙi tashi sai mota ta cika, dole ya yi awa goma sha biyar a kan sitiyari. Ko waliyyi ka ɗora a kujerar nan da wannan sharaɗi haka zai yi tuƙi. A Bogota kafin gyara har suna suka sa wa abin, yaƙin kwabo.

Gyaran shi ne a canza yadda ake biya. Hukuma ta karɓi kuɗin mota ta kati, ta biya mai bas gwargwadon kilomitan da ya yi bisa jadawali, direba ya koma ɗan albashi, nan take dalilin tseren ya mutu. Jakarta ta yi haka da ƙananan motocinta, ta shigar da su cikin tsarin Transjakarta a kan kwangila suna shiga lunguna suna kawo mutane manyan tashoshi, kuma a farkon 2020 fasinjojin tsarin suka haura miliyan 1 a rana. A Johannesburg da aka buɗe Rea Vaya a 2009 har harbin bas aka yi don masu tasi na ganin an zo kashe musu kasuwa, daga baya aka zauna da su suka miƙa motocinsu aka ba su hannun jari a kamfanin da ke tafiyar da bas ɗin, ba wai komai ya tafi sumul ba, kamfanin ya sha fama da matsalar kuɗi, amma dai an daidaita a lokacin. Wanda ya ce shi a dare ɗaya zai share tsohon tsari ya kawo sabo ya tambayi Santiyago ta Chile, a Fabrairun 2007 suka canza duk hanyoyin bas na gari rana guda, motoci ba su isa ba, na'urori ba su gama shiri ba, mutane suka yi cirko-cirko a tituna, sai da shugabar ƙasa Michelle Bachelet ta fito ta ba jama'a haƙuri.

Haka batun 'yan acaba. Duk gwamnatin da ta ga sun yi yawa sai ta ce ta hana, kamar hanawar za ta sa fasinjan ya fasa zuwa inda za shi. Babur ya yi yawa ne saboda akwai unguwannin da ba titin da mota za ta shiga, kuma saboda shi kaɗai ke iya ratsa gosulo. Kigali ta zaɓi rajista da lamba a riga da hular kwano ga direba da fasinja, kuma ana bi. Dokar hani da ba a tanadi madadinta ba mutane zagaye ta suke yi, birnin Meziko ya hana kowace mota fita rana ɗaya a mako a 1989 don rage hayaƙi, masu hali suka sayi tsohuwar mota ta biyu mai wata lambar daban, iska ba ta gyaru ba.

Su kuma masu cewa motar lantarki ce mafita, eh tana rage hayaƙi, amma gosulon motocin lantarki ai gosulo ne, fili ɗaya suke ci. Balle ma mu abin da ke shigo mana gwanjo ne, tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. In za a sa lantarki a fara da bas da babur da keke mai ƙafa uku waɗanda ke kan hanya tun safe har dare, Shenzhen ta Chaina ta mayar da bas ɗinta sama da 16,000 na lantarki tun 2017, Dakar ma da ta buɗe BRT ɗinta a 2024 na lantarki ta sa.

Wani abin da ba a cika haɗa shi da sufuri ba shi ne inda ake zaunar da mutane. Gwamnati za ta gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi can bayan gari inda fili ke da arha, kilomita talatin daga wurin aiki, ba kasuwa ba makaranta, sai abin da talaka ya rage a kuɗin haya ya ƙare a kuɗin mota, ga awa uku ko huɗu a hanya kullum. Abin da Kuritiba ta yi da ya fi bas ɗin kansa muhimmanci shi ne ta ce dogayen gine-gine a bakin hanyar bas za a yi su, kana nisa da hanyar gini na raguwa, sai fasinja da bas suka samu juna. Garin da ke girma yau yana da damar da tsofaffin birane suka rasa, ya shata hanyoyin gobe tun wurin yana gona ya kare su daga masu yanka fili, don in aka bari gidaje suka cike wurin sai an yi rusau da biyan diyya da kuka. Inda kuma mutane suka riga suka zauna a wuri mai wuyar shiga, sai a bi su can, Medellin ta Kolombiya ta kai wa talakawan da ke kan tsaunuka motar igiya mai tafiya a sama a 2004 ta haɗa su da jirgin gari, La Paz ta Bolibiya ta bi sahu a 2014.

Daga ƙarshe dai maganar kuɗi ce, kuma a nan ne ake mana wayo. Da an ce bas sai ka ji jami'i na cewa dole ta riƙe kanta, gwamnati ba za ta iya tallafi ba. Amma ban taɓa jin an ce gadar sama ta riƙe kanta ba, ko a tambayi ribar da shatale-tale ya kawo a bana. Kusan duk manyan biranen duniya da ke da sufuri mai kyau cikon kuɗi suke yi daga baitulmali, don in ka ce kuɗin tikiti kaɗai ne zai sayi mota ya gyara ta ya biya direba, ko dai tikitin ya fi ƙarfin talaka ko motar ta lalace. Kuma akwai inda za a samo cikon. Mai mota yana ajiye ta a gefen titi a tsakiyar gari tun safe har yamma kyauta, a filin da in mai talla ya kasa kaya a kai za a kwashe masa su a zuba a motar hukuma. Singafo tun 1975 take karɓar kuɗi a hannun duk motar da za ta shiga tsakiyar gari lokacin cunkoso, Landan ta fara a 2003. Ko ba a kai can ba a fara da kuɗin fakin, a sa doka cewa abin da aka tara ba zai shiga babban asusu ya ɓace ba, a gyaran bas da hanyar masu tafiya a ƙasa da fitilun tasha za a kashe shi, kuma duk wata uku a buga a fili nawa aka tara, bas nawa ke kan hanya, nawa ke kwance a gareji.